Awarwaron da Ke Wata Gona a Yankin Rasht

"Malam, kar ka ɗaga ƙafa!" Shodmon, tsohon mai cire nakiya, ke ihu daga bakin gonar. "Cike take da nakiyoyin yaƙi!"

Na nuna masa na'urar neman ƙarfen. "Taku hamsin na yi, ko tari ba ta yi ba. Ka fi ta ilimi ne?"

"Haba, sabon shiga! Duba maɓallin. In yana kan zinariya, ba ta jin baƙin ƙarfe!"

Na duba. Yana kai.

Shekara talatin ina koyar da tarihi, a banza. Yayan marigayiya matata ne ya ce nan ta binne awarwaronta. Shi ya saita mini maɓallin, yana murmushi. Rabon da ya yi mini murmushi tun kafin jana'izarta.