Wankin Ƙafa a Sabo

Tasa ɗaya, tawul, sabulu, da kujerar zaunar da talaka. Duk suna kan ɗan dako, malamin mishan na biye da laimarsa, daga Mokola zuwa Sabo, unguwar Hausawa. Baturen coci ya ce malamin ba zai hau mumbari ba sai ya durƙusa ya wanke ƙafar talaka kafin bikin Ista.

Malamin ya iso ana fitowa daga sallar azahar. Ya bi rumfunan goro yana leƙen ƙafafu, duk fes.

"Baba, kawo ƙafarka in wanke," ya ce wa wani tsoho mai ɗaure huhun goro.

"Sau biyu na wanke ta yau, ɗana, saura uku. Taka ce abin tausayi."

Kafin ya buɗe baki an zaunar da shi, an zare masa takalmi. Tsohon ya durƙusa yana cuɗa masa diddige, fatake na ta cewa Allah ya ba Baba lada.

Da ya koma gida, sai ya buga ƙofa ta rufe.

"Sun ƙwace min ladana," in ji shi. "Gobe sai unguwar da ba a alwala."