Mutumin da ke Bangon Littafin

Yana cikin wanke burushi kiran ya shigo. Editan kamfanin ɗab'i ne ya ba da lambarsa ga wata dattijuwa da ta yi kwana uku tana zarya ofishinsu.

"Kai ka zana bangon littafin nan, mai hoton mutum a bakin taga?"

Ya ce shi ne. Shekara tara yana wannan sana'a, ƙorafin da ya sani bai wuce na marubuta ba: launi ya yi duhu, suna ya yi ƙanƙanta. Ba a taɓa kiransa a kan fuska ba.

"Ɗana, ba da rigima na zo ba. Wa ka kalla ka zana?"

"A ka muke ƙirƙira, Mama." Amsar da ya saba bayarwa ke nan.

"Ba a ƙirƙirar irin wannan kunnen," in ji ta.

Ta yi masa bayani a hankali, da muryar wadda ta sha maimaita labarin. Shekara talatin da ɗaya da suka wuce, a tasha, ta miƙa jaririnta ɗan wata huɗu ga wata mata da ke zaune kusa da ita, ta je yankar tikiti. Da ta dawo, babu matar, babu ɗan. Kunnensa na hagu a lanƙwashe yake daga sama, kamar na ubansa.

"Uban ya rasu yana nemansa. Ni ba ƙarar kowa zan kai ba. So nake in gan shi kafin tawa ta zo."

Bayan ta kashe, hoto ya shigo wayarsa: marigayin yana ɗan shekara talatin. Ya jawo asalin zanen daga durowa, ya ajiye su gefe da gefe. Goshin, wushiryar, kunnen. Ya daɗe a tsaye, ruwan fenti na ɗiga daga burushin a kan takalminsa.

A falo Innarsa na yi masa gugar riguna. Ita kaɗai ta raine shi, daga wannan gari zuwa wancan, ba dangi ba kowa. Keken ɗinkinta ta sayar ta saya masa kayan zane na farko. Bara da wata jarida ta nemi hotonsa, kuka Inna ta sa har sai da ya fasa.

Ta leƙo. "Da wa kake ta magana haka?"

"Aiki ne, Inna."

"To ka fito ka ci abinci, ya huce."

Wayar ta sake ƙara. Ya zuba mata ido har kiran ya katse, ya sake shigowa.

Yana tune da ranar da ya yi zanen sarai. Saura kwana biyu a kai maɗaba'a, mutumin da zai zauna masa ya zana fuskarsa kuma bai zo ba. Sai ya jingina madubi a kan tebur, ya zana abin da ya gani a ciki.