Zambon da Ba Shi da Suna

Ka ce Turawa suna da sunan da suke kiran wannan rubutun ba'a da kake yi a jarida, har ka binciko asalinsa. Madalla. Mu zambo muke ce masa, kuma a bakin maroƙa ya girma. Ka'idarsa ɗaya ce: ba a kama suna. Siffanta mutum ake yi har kowa ya gane shi, shi kuwa ya rasa bakin kai ƙara. Asalinsa don azzalumi da marowaci aka yi shi, a taɓa hali a bar halitta. Gyara zama ka ji abin da ya sami wanda ya manta da haka.

A wani gari an yi maroƙi mai kaifin baki, wanda ko attajirai in sun hango shi sai su sake hanya. Wata rana ya bi ta marina, kowa ya gaishe shi ban da wani tsohon marini mai jan ƙafar hagu, wanda hankalinsa ke cikin rijiyar baba. Shi ke nan laifin. Ran kasuwa maroƙin ya tsaya tsakiyar mutane ya rera: "Tsintsiyar gari, mai share hanya da ƙafa, wa zai ba ka kwando?" Yana yi yana jan ƙafarsa a ƙasa, mutane na dariya har da riƙe ciki. Kullum aka ce ya sake, sai ya sake, da jan ƙafar da komai. Da abin ya kai mata suna daka da waƙar, tsohon ya rufe rijiyarsa da faifai ya shige gida, bai ƙara fitowa ba sai a makara.

Bayan an yi sadakar arba'in, maroƙin na tafe da rana tsaka a hanyar marina, ba kowa, sai ya ji shuu, shuu, a bayansa. Ya tsaya, ƙarar ta tsaya. Ya waiga, ba mutum ba dabba, sai wani dogon layi a cikin rairayi wanda ya biyo shi tun daga kasuwa ya ƙare a dugadugin ƙafarsa ta hagu. Tsoro ya kama shi. Ya yi ƙoƙarin ɗaga ƙafar, ta ƙi ɗaguwa. Wanzami ya yi ƙaho, mai ɗori ya lalube ta, ba karaya ba kumburi. Ita kuwa waƙar tana nan a bakin mutane, kuma ka tuna ba suna a cikinta. Mai jan ƙafa take nema, a garin kuwa saura mutum ɗaya. Ya bi gida gida yana rantsuwa ba shi aka yi wa ba, shi ya yi ta. Wa zai saurare shi? Waɗanda aka haifa daga baya ba su taɓa jin labarin wani marini ba. Har ya tsufa, in ya ratso kasuwa, da muryarsa da karinsa ake tarbarsa, ana tambayarsa wa zai ba shi kwando.

To, kafin ka sake ɗaukar alƙalami, duba ko hali za ka taɓa ko halitta. Hausawa dai sun ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.