Wuƙar Masunci

Osvaldo bai gama tsayar da motarsu mai ɗaki da gado ba, matarsa Ximena ta ce, "A nan za mu sauka, tsoho. Tun safe kake raina wurare, ni na gaji."

Gaɓar teku ce a kudancin ƙasar Chile, tsit, ko kukan tsuntsu babu.

Sai ga wani masunci ya faɗo cikin motar, yana ƙarnin kifi, ya ɗora wa Osvaldo wuƙa a wuya.

"Ja mota! Hau tudun can!"

"Bawan Allah, ɗauki motar, ka bar mana ranmu," in ji Osvaldo.

"Na ce ja!"

Osvaldo ya ja, Ximena na kuka. Ya sakankance a can sama za a yanka su.

Suna isa, sai wani rugugi ya taso. Da suka waiwaya, teku ya haɗiye gaɓar gaba ɗaya, har da motocin waɗansu da suka yi zango can gaba.

Masuncin ya yar da wuƙar, ya durƙusa yana hawaye.

"Ƙasa ta girgiza kuna tafe, ba ku ji ba," in ji shi. "Na san bayan girgiza teku zai taso. Waɗancan da baki na roƙe su. Dariya suka yi mini."