Goyon Sa'ada

Motar Kabo ta bar tashar Gwarzo da saura mutum ɗaya ta cika. An ɗan fita gari sai wata matashiya ta ɗaga hannu, da goyo cikin hijabi, da bokiti da naɗaɗɗiyar tabarma. Ta ce Gude za ta. Mudassir direba ya cusa kayanta a but, ita kuma ta shiga baya kusa da Hajiya Barira mai man gyaɗa.

Ba ta kwance goyon ba. Ta ɗosana a bakin kujera, ta riƙe kujerar gaba da hannu biyu. Hajiya ta gaishe ta, ta tambayi mutanen gida, ta tambayi sunanta. Ta ce Sa'ada, yaron kuma Taufiq, mijinta yana Kudu wurin nema.

Da motar ta faɗa wani rami, ƙafar yaron ta leƙo daga ƙarƙashin hijabin. A kumbure take, fatar ta saɓule wuri-wuri. Hajiya ta kai hannu ta taɓa, ta ji sanyi ƙalau. Ta san tamowa, ta kuma san idan ƙafar mai tamowa ta yi sanyi haka, abin ya zo wuya.

"'Yar nan, tun yaushe ya daina cin abinci?"

"Ya kwana biyu, Hajiya."

"Kika kama hanyar ƙauye da shi? Ba ki san asibitin yara na Gwarzo ba?"

"Na san shi," in ji Sa'ada, ta ja hijabin ta rufe ƙafar.

Hajiya Barira ba ta iya shiru a kan asibitin nan. Da can ɗakin shan magani ne mai ɗaki biyu da ma'aikaci guda. A shekarar da ƙyanda ta shiga garuruwan yankin, Hajiya ta ɗauki ɗanta na fari a motar kaya za ta Kano, bai kai ba. Bayan annobar ne mutanen Gwarzo da Kabo da ƙauyukansu suka haɗu, maza suna buga bulo, mata suna ɗebo ruwa, har gwamnati ta karɓi ginin ta kawo likitoci. Ita kanta ta ɗauki ruwa a ka don wannan gini.

Duk wannan ta zayyana wa Sa'ada. Ta ce akwai ɗakin masu tamowa inda ake ɗura madara ta hanci, akwai ƙarin jini, akwai iskar numfashi, akwai kwalbar da ake sa bakwaini. Jikarta Hamida a can aka ceto ta, ga ta nan yanzu tana makaranta. Gaskiya da damina yara uku ake kwantarwa a gado ɗaya, wuta kuma sai an ta da inji, amma ba sa mayar da yaro.

Sa'ada tana kallon gonakin dawa ta taga. Ko sau ɗaya ba ta jijjiga goyon ba.

Hajiya ta taɓa kafaɗar direba. "Mudassir, juya. Yaron nan ba zai kai Gude ba."

"Haba Hajiya, mun yi nisa fa."

"Don Allah ki bari, Hajiya," in ji Sa'ada da sauri. "Mu dai je. Gida nake so."

Hajiya ta ɗauka tsoro ne. Ta sha ganin mata masu gudun asibiti don ba miji a gida, ko don an ce musu ruwan da ake sa wa yaro shi ke kashe shi. Ta juya ga sauran fasinjoji, ta ce su ji tsoron Allah, rai ne a bayan yarinyar nan. Wani dattijo mai buhun taki a gaba ya ce a koma, shi ya haƙura. Sauran suka bi shi. Mudassir ya yi tsaki, ya juya kan motar.

Daga nan Sa'ada ta sunkuya. Ta kifa goshinta a kan kujerar gaba, hawaye na ɗiga a cinyarta. Hajiya tana shafa kafaɗarta tana cewa ta yi haƙuri, za ta gode mata wata rana. Mudassir kuwa da ya ga abin da gaske ne sai ya taka mota, yana danna hon har suka ratsa gari.

Harabar asibitin cike take da mata a kan tabarmi, kowace da nata a cinya. Hajiya ta fita tun motar ba ta gama tsayawa ba, ta kutsa ɗakin masu tamowa, ta riƙo hannun Sista Zulaiha, ma'aikaciyar jinyar da ta yi jinyar Hamida. Ta jawo ta waje tana haki, tana cewa ga yaro nan a mota, uwar ta ƙi fitowa.

Zulaiha ta sunkuya ta leƙa ta taga. Ta daɗe a haka. Sannan ta miƙe, ta dubi Mudassir da fasinjojin da suka kewaye ta, ta dubi Hajiya.

"Hajiya, me ya sa kuka dawo da ita? Da safen nan yaron ya cika a hannunmu. Ni na goya mata shi, na ce ta yi shiru, don babu direban da zai ɗauke ta in ya san gawa ce."