Ranar Gyaran Benci

Fada Irimiya, kafin ka sa hannu a takardar nan da za ka aika wa mutumin birni kan makarantarmu, ara mini kunnenka kaɗan. Shekarata talatin da ɗoriya ina katikis, kai kuwa jiya-jiya aka keɓe ka, sai ka yi haƙuri da surutun tsoho. Ba cewa zan yi ka ƙi kyauta ba, ni ma ban taɓa mayar da ita ba. Wani abu ne dai da har yau in na tuna yake ba ni mamaki.

A wani ƙauye an yi wani ɗaki guda na ƙasa, ran Lahadi coci, sauran kwanaki makarantar yara. Abin zaman da ke ciki kuwa sai dariya. Kowane gida shi ya sassaƙa bencinsa ya kawo, wani na maɗaci, wani na giginya, wani ƙafarsa ɗaya gajera sai an tokare da dutse. Kowace shekara, mako guda bayan Ista, kafin ruwan fari, magidanta kan zo da gizago da ƙusa kowa ya gyara nasa, mata su kawo kunu. To mutum yana tsugune yana buga ƙusa, dole idonsa ya kai ga tsagar bango. Wani ya ce tunda an taru bari a kwaɓa ƙasa, wani ya hau ya duba jinka, kafin la'asar an yaɓe ɗakin tas. Ba wanda ya taɓa kiran wannan aikin makaranta. Gyaran benci suke ce masa.

Sai aka kawo sabon hedimasta, mutumin kirki mai zafin nama. Kunyar karkatattun bencunan nan ta kama shi. Ya rubuta wa wani mai hali a birni, aka aiko da mota cike da bencunan ƙarfe masu sheƙi, duk tsayinsu ɗaya. Aka yi godiya a coci, mata suka rangaɗa guɗa, aka ce kowa ya kwashe tsohon nasa. A da in ana suna ko zaman makoki, mutum kan shiga ya ɗauki bencinsa ya kai gida. Yanzu kuwa sai ya nemi hedimasta ya roƙa, a ja masa kunne kada fenti ya goge. Ista ta zo ta wuce ba wanda ya leƙo, ƙarfe ai ba ya neman gizago. Sau uku hedimasta yana sanar da aikin gayya bayan sujada, kowa ya gyaɗa kai, ran aikin mutum huɗu suka zo. Tsagar bangon gabas kuwa sai ƙara buɗe baki take, ga hadari ya fara haɗuwa. In bangon nan ya faɗi, karatun yara na bana ya tashi ke nan.

Abin da ya sa nake ganin girman hedimastan nan, bai tsaya zagin jama'a da lalaci ba. Abin ɗaure masa kai ya yi: mutanen da ke duƙe a gona tun safe har rana ta take, me zai hana su yaɓen yini ɗaya? Sai ya shiga bin gida-gida yana gaisuwa, yana baza ido. Ya lura da abu guda. Garin ana fama da itacen girki, mata har kara da kashin shanu suke haɗawa, amma ba gidan da aka faskara tsohon benci. Wani yana rumfa an lulluɓe shi da buhu, wani yana inuwar rumbu har an shafe shi da mai. Ya tambayi wata tsohuwa abin da ya hana su fitowa. Ta ce, "Malam, ba ƙi muka yi ba. Mun ga an fitar da mu daga ɗakin, sai muka ɗauka mai ƙarfen ne zai zo ya yi yaɓen."

Ya gane, amma a makare. Tsakiyar damina, wata Asabar da rana, Allah Ya sa ba kowa a ciki, bangon ya zube. Aka kwashe bencunan ƙarfe aka kulle a sito don gudun tsatsa, yara suka yi kwana uku suna karatu a gindin mangwaro, zaune a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ran na huɗu tausayi ya ci ƙarfinsa, ya sa makulli a aljihu ya nufi sito, in za su yi tsatsa su yi. Sai ya hangi tsohuwar nan da surukarta sun kinkimo tsohon bencinsu, tana faɗa ita jikarta ba za ta ƙara zama a laka ba. Bayansu ga wani magidanci da nasa, bayansa wani. Ba wanda ya kira su. Da suka ajiye, ɗaya ya juya ya daɗe yana kallon bangon da ya zube, ya ce da na kusa da shi in aka samu kwana biyu ba ruwa ai za a iya tayar da shi. Hedimasta ya tsaya cak da hannu a aljihu, makullin nan bai fito ba.

To Fada, ga biro ga takarda, roƙi abin da za ka roƙa. Amma ka rage wa mutanen ikilisiyar nan abin da za su nuna su ce nasu ne, komai karkacewarsa. Magabata sun riga mu faɗa: guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.