Baƙin Tsako a Gidan Fararen Kaji

Ƙawata Asma'u, tunda kin ce gara ki haɗiye abin da ke damunki da ki buɗe baki ki tambaya, matso kusa in ba ki misali.

An yi wata mata da aka kawo aure wani gida inda uwar mijinta ba ta kiwon komai sai fararen kaji. Tsohuwar ta ba ta guda ɗaya ta ce ta riƙa juyawa. A daminar da miji ya kwanta da wani ciwo mai cinye jiki, har maƙwabta suka fara raɗe-raɗin jifa aka yi masa, a nan kazar ta yi kwanci. Ranar ƙyanƙyasa matar ta sa hannu cikin akurki, ta ga 'yan tsaki farare kamar auduga, sai guda ɗaya a tsakiyarsu baƙi wuluk kamar an tsamo shi daga gindin tukunya. Uwa fara, uba fari, daga ina baƙi? Kuma kin san garinmu: baƙar kaza ita ake cewa boka yana nema. Miji a kwance, ita baƙuwa a dangi, wa zai yarda ba da gangan ta sa ƙwan ba? Ta so ta jefa shi a masai, hannunta ya ƙi, don rai ne kuma Mai shi yana kallo. Sai ta naɗe shi a tsumma, ta kai shi ƙarƙashin rumbu, ta kifa masa tsohon kwando, ta danne da dutse. Ta ce a ranta in Allah ya sa mace ce ai ba ta da baki, in mai gida ya tashi ta samu izinin fita, sai ta kai wa uwarta ƙauye.

Daga ranar nan barci ya ƙaurace mata. Kullum in ta je ɗibar hatsi sai ta durƙusa ta zuba masa tsaba da ruwa a kasko, ta ɗaga shi tana dubawa. Zanko ya fara ja, ta ce zafi ne. Ƙafafu suka yi kauri, ta ce ƙoshi ne. Gashin wuya ya fito da tsini yana sheƙi, na jela ya lanƙwasa kamar lauje, ta runtse ido ta ce ai akwai sagarar da kan yi haka. Wanda tsoro ya riƙe, abin da yake so shi yake gani. In tsohuwar ta nufi wajen rumbu, sai matar ta yi wuf ta riga ta isa can. Ta rame har ta fi majinyacin, in an tambaye ta ta ce jinya ce.

Wata safiya bayan an sauko daga masallaci, mata sun cika tsakar gida sun zo gaishe da mara lafiya, sai ga wata murya daga ƙarƙashin rumbu, a shaƙe, a karye, irin carar farko ta ɗan zakara. Ya sake. Tsohuwar ta dogara sandarta ta je ta ture dutsen, ta ɗaga kwando. Ga shi nan tsaye, baƙi ƙirin, ido ja, bai taɓa ganin rana sosai ba. Mata suka ɗauki salati suna ja da baya. Tsohuwar ta daɗe tana kallonsa, sannan ta juyo.

"'Yar nan, wannan ai jinin zakaran mai gidana marigayi Malam ne. Kakan fararen nan baƙi ne. Farin gashi rufe baƙi yake yi, ba ya kashe shi, lokaci-lokaci yakan leƙo. Da a tsakar gida na gan shi yana bin uwarsa, da goro zan ba ki. Amma ki gaya mini, me ya kai shi ƙarƙashin kwando ɗana yana kwance?"

"Inna, tsoro na ji."

"Mu ma yanzu shi muke ji."

Kafin azahar labari ya gama gari, kafin la'asar an ɗaure mata kayanta. Mijin ya warke daga baya da maganin asibiti, mutane suka ce ai don an fitar da ita ne. Har ta tsufa, in ta miƙa wa yaro ƙosai, uwarsa kan fizge shi ta tofa masa addu'a a ka. Allah ya raba mu da tabon da ruwa ba ya wankewa.

Jikokinta suna raye, Asma'u, wasu ma kina gaisawa da su, don haka na roƙe ki don Allah labarin nan ya tsaya tsakanina da ke. Abin da na yarda ki ɗauka ki fita da shi, shi ne maganar magabata: rashin sani ya fi dare duhu.